Igiyar da Na Ɗaure Wuyan Kili da Ita

A lokacin ni lebura ne a kasuwar doya, bayana ya fara gajiya da dako. Da na ji ana neman mai kula da doki a wata gona ta hanyar Agyaragu, sai na je na ce na iya. Ƙarya na yi. Jaki kawai na taɓa hawa.

Oga, mai gonar, ya nuna min bidiyo a wayarsa, wani doki yana tafiya wuyansa a tanƙware, bayansa a sake. Ya ce haka yake son dokinsa kili ya koma, in na kasa in kama gabana. Ni wuyan kawai na gani. Sai na samo igiya na ɗaure linzami da sirdi, na ja har haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji, kullum in bar shi a turke haka tun safe har azahar. Wuya ya tanƙwara kam. Amma bakinsa ya tsage, ya daina cin dusa, in na hau sai ya ƙage kamar katako. Na riƙa goge jinin da tsumma don kada Oga ya gani.

Wani dattijo da ke kawo mana harawa daga Ashige ne ya kama ni. Ashe ya yi kiwon dawaki a ƙuruciyarsa. Bai kai ƙarata ba. Ya yanke igiyar da wuƙarsa, ya tambaye ni in ni aka ɗaure haka ko zan ci tuwo. Ya ce in bari bakin ya warke tukuna. Bayan nan duk ranar da ya zo sai ya sa in hau, yana tsaye yana min dariya, wai ina zaune kamar buhun doya a bayan motar fikob. Ya ce in miƙe zama, in sassauta hannu, in tura dokin da ƙafa, domin daga ƙafafun baya abin yake farawa, wuya ne ƙarshe.

Sai da damina ta wuce. Wata safiya na ji linzami ya yi laushi a hannuna, kili ya sauke kai da kansa, ba wanda ya ja shi. Ranar na gaya wa Oga gaskiya. Ya zage ni sosai, amma bai kore ni ba.

Na gode wa Allah, na gode wa dattijon nan. Duk wanda aka ba amanar dabba, in bai iya ba ya ce bai iya ba. Tabon yana nan a bakin kili, kullum na sa masa linzami sai yatsana ya taɓa shi.