Shekarar da aka hana Mama gyara

Mahaifiyata wake take sayarwa a wata ƙaramar kasuwa a Sabon Gari, tun kafin in yi wayo. In ta cika maka tiya, sai ta ƙara dintsi guda a kai. Gyara ke nan, kuma a wurinta cinikin da ba gyara rashin kunya ne.

Sai aka damƙa kasuwar a hannun wani kamfani. Suka turo manaja mai kwat da laktaye, wanda aka ce ya yi kwas a ƙasar waje. Ya tara 'yan kasuwa ya ce duniya ta ci gaba: daga yau sikeli, ba tiya, ba gyara, domin gyara tana ɓata gasa. Wanda aka kama za a ba shi takardar gargaɗi, in ta kai uku a ƙwace rumfarsa.

Ina koyar da tattalin arziki a wata sakandare a Samaru, don haka na goyi bayansa, kuma har yau ina jin kunyar hakan. Ran Lahadi bayan coci na zaunar da Mama na yi mata lacca. Ta saurara tsaf, sannan ta tambaye ni ko na ci abinci.

Cikin wata guda ta samu takarda biyu. Ta ce ba taurin kai ba ne, hannun ne ke tafiya da kansa. Na tsorata ƙwarai, don rumfar nan ce ta kai ni jami'a.

Wata Asabar na leƙa gaishe ta, sai ga manaja cikin jallabiya, matarsa ta aiko shi cefane. Mama ta auna masa kilo biyu. Allura ta ɗan wuce, ta riƙa tsince wake ɗaya-ɗaya tana mayarwa buhu har ta daidaita. Ya karɓi leda, ya jinjina ta, bakinsa ya riga shi.

"Haba Mama, ba gyara?"

Maƙwabtan rumfa suka juyo suna kallo, har da ɗan sintirin kamfani da ke raba takardun. Mama ta dube shi, ta cika hannu biyu da wake ta zuba masa.

"Ga shi, ɗana. Sai ka rubuto ta ukun."

Bai rubuto ba. Ran Litinin aka liƙa sanarwa cewa kamfani ya ƙirƙiro sabon tsari na kyautata wa abokin ciniki: kowane ɗan kasuwa ya riƙa ƙara dintsi guda. Na ji har girma aka ƙara wa manajan a kan wannan basira.

Mama ta sa na karanta mata sanarwar sau biyu. Ta ce tunda ni ne mai ilimin, in bayyana mata abin da ya canza. Na koma ina duban sanarwar. Ta ɗebi dintsin wake ta zuba mini a aljihun riga, ta juya wurin mai saye.