Hannun Yaya Bai Taɓa Rawa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Agusta, da hantsi, Allah ya karɓi ran Yaya, wadda mutane suka fi sani da Mai Almakashi, a gadon asibiti, bayan jinyar da ta samo asali daga cizon kare a hannunta na dama. Ni ce mai riƙe mata karnuka a shagonta na wanka da aski. Ba uwa ɗaya muke ba, ba uba ɗaya ba, amma tun ranar da mijina ya rasu ta aiko aka kira ni ta ce in zo in kama mata aiki, ban ƙara kiranta da wani suna ba sai Yaya. Karatuna bai yi nisa ba, sai a yi haƙuri da rubutun. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wata magana da ke yawo a kanta, har ta kai kunnen 'ya'yanta.

Yaya, lokacin da na zo wurinki tsoron kare nake ji kamar raina zai fita. Ba ki yi mini dariya ba. Kika ajiye mini kujera a bakin ƙofa kika ce in zauna in yi ta kallo, duk ranar da ƙafata ta daina karkarwa in matso. Da na matso kika ɗora tafina a bayan wata tsohuwar karya, kika danne da naki hannun har numfashina ya daidaita. Mutane sun sha tambayarki yadda mace mai mutunci za ta ƙare a wankin karnuka. Kina da rigar aiki daban, kayan salla daban a rataye a ɗaki na ciki, kuma ba ki taɓa tsayawa musu da kowa ba. Abin da kike cewa kawai shi ne, da wannan bahon kika ciyar da marayu.

An ce ba ki yarda da mutane ba, kuma gaskiya ne. Kin sha gaya mini cewa kare ba ya ƙarya, mai kare ne ke yi. A farkon sana'arki wani ya kawo miki kare da gyambo a ɓoye ƙarƙashin gashi, da kika aske gyambon ya bayyana, sai ya tara miki jama'a ya ce injinki ne ya ƙone shi. Daga ranar kika kafa dokokinki, kuma ba ki sassauta wa mai kuɗi ba, ba ki sassauta wa dangi ba. Zuwan farko, mai kare da kansa zai zo, ba direba ba, ba mai gadi ba. Kafin ya saki igiya sai kin bi jikin karen da yatsu a gaban idonsa, kunne, hammata, tsakanin farata, gindin wutsiya, duk kaskar da kika samu da duk ƙurji sai kin nuna masa ya ce ya gani. In ya ce an yi allurar rigakafi, sai ki ce madalla, ki ɗauki waya ki kira likitan dabbobin yana tsaye. Kada a cika wa kare ciki kafin a kawo shi, a zagaya da shi ya yi bayan gida tukuna. Mai kare ba ya shiga ɗakin aski, domin kare in ya ga ubangidansa sai ya fara shagwaɓa, amma kin buɗe taga mai gilashi ga wanda ke son kallo. In gashi ya cukurkuɗe ya manne da fata, ba kya taje shi ko da za a yi kuka, aske shi kike yi. Kina cewa gashi zai tsiro, amma kare ba ya manta teburin da ya sha azaba a kansa.

Ina tuna wata Hajiya da ta zo da hoton wani farin kare a waya, gashi buzu-buzu kamar auduga, ta ce haka take so a mayar da nata. Nata kuwa ɗan baƙi ne, gashinsa bai kai na goshin jariri ba. Kika daɗe kina duban hoton, kika dubi karen, kika ce, “Hajiya, ni wanzamiya ce, ragewa na iya. Ƙari sai mai sama.” Ta fita tana fushi, ta dawo bayan sati tana dariya, kuma har kika kwanta ciwo ba ta kai karenta wani wuri ba.

Da tsohon malamin makarantar nan mai makahon kare. Karen ya tsufa har ba ya iya tsayuwa a tebur, sai ki shimfiɗa tawul a ƙasa ki zauna dirshan, ga ciwon gwiwa, ki yi masa aski yana kwance da kansa a cinyarki. In kin gama sai na kama ki ki miƙe. Malamin ya zo gaisuwar rasuwarki, ya ɗan zauna ya tashi.

Amma dokar da kika fi tsanantawa ita ce ta kare mai ladabi. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka kare mai haushi da fizge-fizge shi ne abin tsoro. Ke kuwa wanda ya shigo shiru, kai a ƙasa, ƙafa na harɗewa, shi kike zargi. Akwai masu kare da suka san nasu mafaɗaci ne, sun san in kin gane za ki ce sai dai a kai shi wurin likita a yi askin a can, sai su ɗura masa maganin barci a gida su kawo shi kamar salihi. Maganin kuma ba ya sallama in zai sake shi. Kare zai farka ya ga kansa a kan tebur, a hannun baƙi, ga ƙarar inji. Saboda haka duk wanda ladabinsa ya yi yawa sai ki sa a ɗaure shi a rumfar bayan shago ya jira, ki ci gaba da wani aikin kina leƙensa. In gajiya ce, zai sha ruwa ya miƙe garau. In magani ne, za mu ji muryarsa ta gaskiya. Mun ji ta ba sau ɗaya ba, kuma masu su suka zo suka kwashe abinsu suna borin kunya.

Ranar da abin ya faru ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wani ɗan kwangila, wanda bai taɓa zuwa ba, ya shigo da babban kare mai jan gashi. Ya zo da kansa, likita ya shaida allura, jikin karen lafiya lau. Sai dai yana tafe yana tangaɗi. Kika ɗaga fatar idonsa, kika sunkuya kika shinshina bakinsa, kika dube ni. Na san wannan kallon.

Kika ce, “Ranka ya daɗe, an ba shi wani abu?”

Ya yi dariya ya ce, “Haba Mama, wannan ai rago ne. Yara ke hawansa. Gudu muka yi da safe, shi ne ya gaji.”

Kika ce sai karen ya jira a rumfa. Muka leƙa, ashe kwanon rumfar ya yaye, ruwa ya kwanta har idon sawu. Cikin shagon kuma akwai ƙananan karnuka a keji, ba inda za a ɗaure babba. Mutumin ya ce gobe da asuba zai yi tafiya da iyali, in ba yau ba sai bayan wata. Kika tsaya kina kallon karen yana rawar sanyi. Kika ce da ni a hankali, “Idonsa bai yi mini ba.” Sannan kika ce in kawo takunkumi.

Ni na riƙe ƙafafun baya, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Mun wanke shi, mun busar. Kina cikin taje ƙirjinsa kika ji numfashinsa yana sarƙewa, harshe na neman hanya a cikin takunkumin. Kika ce wannan zai shiɗe mana, kika sassauta igiyar takunkumin. Mataji ne a hannunki. Almakashi yana rataye a ƙusa, inji ko kunna shi ba a yi ba. Sai na ji jikin karen ya ɗaure a hannuna gaba ɗaya, kamar an ja waya. Ya buɗe ido, ya juyo, ya kama ki a tsintsiyar hannu. Ko a lokacin ba ki doke shi ba. Kika ce, “Riƙe shi kar ya faɗo.”

An yi miki allurai, an ɗinke, likitan dabbobi ya tabbatar karen ba mahaukaci ba ne. Amma kina da ciwon suga, ciwon ya ƙi haɗewa, hannu ya kumbura har kafaɗa, daga baya suka ce ya shiga jini. Ina zuwa asibiti kina tambayata ko an gyara kwanon rumfa.

Tun kina kwance maganar ta fara. Wai tsufa ya kama Mai Almakashi, hannunta ya fara rawa, ta datse wa kare kunne shi ya sa ya rama. Na bi diddigi, daga mai wankin mota zuwa mai sayar da abincin karnuka, kowa ya ce daga bakin ɗan kwangilar ya ji. Ni na goge karen nan kafin a mayar masa. Jinin da ke jikinsa naki ne. Kunnuwansa biyu na nan yadda Allah ya halicce su. Ban gaya miki ana faɗin haka ba, kuma na gode wa Allah da kika tafi ba ki ji ba.

Amma babbar 'yarki ta ji. Washegarin rasuwa ta ja ni kicin ta rufe ƙofa ta ce, “Anti, ki gaya mini gaskiya, ba zan ji haushi ba. Mama ta yanke shi?” Na ce a'a. Ta gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ake wa wanda ake ganin yana rufa wa mamaci asiri. Wannan gyaɗa kan ya fi yi mini ciwo a kan duk abin da aka faɗa a waje. Wata uwa, gida take bar wa 'ya'yanta, wata gona. Ke sunanki kika bari, cewa kare bai taɓa fita shagonki da rauni ba. Shi ake so a karɓe don wani ya wanke kansa.

Ɗan kwangilar ya zo gaisuwa da matarsa. Ya zauna cikin maza ya yi addu'a mai tsawo, an ce har ya ƙara da cewa shi ya yafe abin da aka yi wa karensa. Matar ta shigo wurinmu, ta zauna a gefe, ba ta ɗaga kai ba, ruwan da aka ba ta ma ba ta taɓa ba. Da za ta tafi na raka ta bakin ƙofa. Tana neman takalminta ta kama hannuna ta matse, ta ce, “Wallahi na ce masa rabi ya isa.” Sai aka danna hon a waje. Ta saki hannuna ta fita da takalmi ɗaya a hannu.

Ban ga wanda ya ba kare komai ba. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma ina tsoron Allah, shi ya sa ban kira sunan kowa ba. Ban kai ƙara ba, ba kuma zan kai ba, don ba abin da zai dawo da ke. Na dai aika wa matar cewa ba ni nake bukatar sauran maganar ba, 'ya'yanki ne. Ta karanta saƙon, ba ta amsa ba. Jiya da yamma wata lamba ta kira babbar 'yarki, aka yi shiru, ana jin numfashin mace, aka kashe. Yarinyar ta zo ta same ni ina share shago, ta tsaya a bakin teburin ta daɗe, sannan ta ce in nuna mata daidai inda kika tsaya da inda almakashin yake. Na nuna mata ƙusar. Ta miƙa hannu daga wurin tsayuwarki, bai kai ba. Ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Ku 'ya'yanta, ke babba, da kai mai bi mata, da auta, ga shaidata a rubuce don ku riƙe ko bayan raina. Hannun uwarku bai taɓa rawa ba. Ta ga abin da ta gani a idon karen nan, ta faɗa da bakinta. Tausayin dabbar da ke rawar sanyi ne ya sa ta karɓe shi, tausayin numfashinsa ne ya sa ta sassauta takunkumi. Duk wanda ya gaya muku wani abu daban, ku tambaye shi inda yake tsaye a ranar.

Allah ya jiƙanki, Yaya. Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sa jinyar da kika sha ta zama kaffara. Yadda kika tausaya wa bayinsa marasa baki, Allah ya tausaya miki ranar da baki ba zai yi amfani ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki, da ƙannenki, da tsohuwar mahaifiyarki da har yanzu take tambaya ko kin dawo daga asibiti. Allah ya ba su haƙuri da dangana. Matar nan kuma, Allah ya ba ta ƙarfin zuciyar ƙarasa abin da ta fara faɗa. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.