Koren Ƙyallen Mudassir

Mudassir mai ɗaukar bidiyo ne a Tudun Wada, shagonsa na bakin kasuwa. Da hoton biki ya fara, daga baya ya koyi aikin koren ƙyalle: a tsayar da mutum a gabansa a ɗauka, sannan a kwamfuta a cire duk abin da yake kore, a sa wani wurin a bayan mutumin. Mawaƙan Kiru da Doguwa sukan zo ya ajiye su a titunan biranen da ba su taɓa takawa ba.

Aikin ya shiga ransa. Kullum sai ya bi ƙyallen da dutsen guga, don ko 'yar yamutsa tana fitowa kamar tabo. Fitila dama, fitila hagu, hasken ya zama bai ɗaya. Ba ya barin mutum ya matsa jikin ƙyallen, kada inuwarsa ta faɗa kai, ko koren ya haska masa kunne da kafaɗa.

Yana da kawu a Tiga, Ubale, tsohon masunci, haifaffen wani ƙauye da ruwan dam ya cinye. Wata ranar kasuwa ya zo shagon. Bayan sun gaisa ya ce, "Ina so ka ɗauke ni a kwalekwale, in nuna inda gidanmu yake, da rijiya, da maƙabarta. Yaran nan ba wanda ya sani."

"Kawu, iskar kan ruwa tana ɓata murya. Ka zo nan, ni zan sa maka dam ɗin a bayanka, har ya fi na gaske kyau."

Ubale bai yi musu ba. Da mako ya zagayo ya dawo cikin rigarsa ta Sallah, koriya shar. Mudassir ya san abin da zai faru, amma ya ji nauyin ce wa dattijo ya tuɓe rigar da ya yi ado da ita. Ya ce a ransa zai gyara daga baya.

Ubale ya zauna, ya faɗi sunan ƙauyen da na mahaifinsa. Ya ɗaga hannu zai yi nuni, ya waiwaya, sai ya sauke hannun.

"Me zan nuna maka a nan? Ƙyalle ne kawai."

Ya ɗan ƙara magana ya tashi. Da Mudassir ya cire koren, rigar ta bi shi, kai da tafin hannu kawai suka rage a kan hoton ruwan dam ɗin. Bai nuna wa kowa ba. Ya aika wa kawun cewa zai zo Tiga da kansa in bukukuwan kaka sun lafa. Kafin su lafa Ubale ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Mudassir ya je da kyamarar duk da haka. Aka zaunar da tsohon a bakin ruwa, yana ɗaga hannun mai lafiyar, yana motsa baki, ba a gane komai.

Bayan rasuwarsa 'yarsa Maimuna ta nemi bidiyon. Mudassir ya ba ta na shagon, da ƙyallen da komai, bai taɓa shi ba. Ta kalla a wayarta har ƙarshe, ta tambaye shi ko akwai saura. Ya ce babu.

Har yau yana shagon, mawaƙa na zuwa. Amma in wani dattijo ya ce a je gida a ɗauke shi, sai ya ja ƙofa ya hau babur.