Hawan Dala da Kawu Ilu

Ban taɓa shan wuya irin ta ranar da Kawu Ilu ya sa ni hawa Dala ba. Har yau gwiwata ta hagu ba ta yafe masa ba.

Ku da kuka san shi kun san magini ne, na ƙasa, kuma bai da abokin gaba a duniya sai siminti. Maganarsa kullum: "Siminti ba ya numfashi." Dakalin siminti ba ya zama a kai, ko a gidan biki ne. Ɗansa ya gina masa ɗakin bulo a Yakasai, Kawu ya tashi ya zuba awakinsa a ciki. Da aka yi masa magana ya ce ai su ma sun rame.

To, shekarar da ya rasu, gab da damina, ya aiko a kira ni, wai in raka shi Dala ya duba rufin gidajen dangi daga sama. Ni mai faci ne, na rufe rumfata na bi shi, don ƙanin uwata ne, ba yadda zan yi.

Ga matakala nan shimfiɗe har sama, yara ma da gudu suke hawa. Kawu ya dube ta ya tofar da yawu. Ta siminti ce. Ya ja ni ta bayan dutsen, inda ko akuya sai ta yi shawara. Tsakuwa na zamewa, ƙaya na cin ƙafa, shi kuwa yana gaba da sandarsa yana kirana ragon maza. Da muka zo inda dutsen ya miƙe tsaye, sai ya tsaya ya ce in durƙusa. Goya shi na yi! Ina rarrafe da hannu da gwiwa, silifas ɗina ɗaya ya gangara, tsoho na wuyana yana ce mini na cika haki.

Muna kaiwa sama ya miƙa sanda can gabas.

"Ka ga gidanka? Ɗakin da yaranka ke kwana ya tsage ta wajen indararo. Ruwa biyu zai yi, na uku yana kansu."

Na ce, "Haba Kawu! Kai da ba ka gane mutum sai ya yi sallama, ka hango tsaga daga nan?"

"Ba na ganin komai. Ran Juma'a na shafa bangon da hannuna."

Raina ya ɓaci. Na tambaye shi, to me ya kawo mu nan, ga ƙafata na jini?

"Sau nawa na faɗa maka a zaure? Sai ka ce to, Kawu. Yanzu dai ba za ka manta ba."

Muka sauko ina ta huci. Shi ko a jikinsa, har yana tambaya ko da ragowar goro a aljihuna.

Washegari ko ruku'u ban iya yi ba, a zaune na yi asuba. Haka na ɗingisa na samo jar ƙasa, na kwaɓa da ƙafar da ta rage, na hau na yaɓe ɗakin. Yana zaune a tabarma yana cewa kwaɓin ya yi ruwa.

Ɗakin na nan tsaye, yaran na kwana a ciki. Shi kuwa bai ga ƙarshen daminar ba. Yana cikin ƙasar da ya fi yarda da ita. Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, Ya sanyaya masa makwanci.