Batir a ƙirjin mai wankan gawa

Assalamu alaikum. Ku gafarce ni da zan ɗauki lokacinku. Tun ƙaramar Sallah ban ce komai ba a wannan zauren namu.

Da jiri abin ya fara. Sau biyu na faɗi a kasuwar Aboabo, na ce yunwa ce. Na uku a kan sallaya ƙanwata Rabi ta tsince ni.

A asibiti aka manna mini wayoyi a ƙirji. Aka ce zuciyata tana jan ƙafa, wani lokaci har ta tsaya. Aka tura ni Kumasi, aka tsaga ƙasan kafaɗata ta hagu, aka sa na'ura mai batir da siririyar waya zuwa zuciya.

Na tambayi likita, in batirin ya ƙare fa?

Ya ce, "Sai a sake tsagawa, Mma. Masana na ƙoƙarin ƙera wani abu mai laushi kamar tantani, wanda jiki ba ya ƙinsa, bugun zuciya ya riƙa matsa shi yana ba da wuta. Bai iso gare mu ba tukuna. Ke dai, mako shida kada ki ɗaga nauyi."

Kwana goma da dawowata maƙwabciyarmu ta rasu. Ni ce mai wankan gawar mata a unguwarmu. 'Yarta ta zo ta durƙusa ta ce, "Mma Adiza, babu wadda ta iya."

Rabi ta ce, "Yaya, ki zauna ki nuna wa matan gidan da baki."

Niyyata ke nan, wallahi. Amma da na ga zanen da ya suturta gawar yana zamewa a hannunsu, sai na tashi na tallafe ta da kaina.

Kafin a kai ta makwancinta na faɗi. Ashe wayar da ke zuwa zuciyata ce ta goce.

Aka sake tsaga ni. Likita bai yi faɗa ba. Ya ce, "Saura kaɗan su yi wanka biyu a rana ɗaya."

Alhamdulillahi, yanzu ina zuwa kasuwa da ƙafata. Allah Ya saka wa Rabi da duk wanda ya taimaka da kuɗin aiki.

Jirin da ke kayar da mutum, a kai shi asibiti. In likita ya ce kada a ɗaga, kada a ɗaga.

Ina neman mata biyu masu riƙon amana in koya musu wankan, tun ina da numfashi. Don Allah wadda ta shirya ta ba ni amsa kafin Juma'a.