Mai Safar Hannu a Ƙarƙashin Mota

Tsohon bakanike yana zaune kan taya, yana kallon baƙon da ya ari gefen garejinsa. Mutumin ya shimfiɗa kwali har biyu don kada rigarsa ta taɓa ƙasa, ya sa safar hannu sabuwa fil, ya jingina wayarsa da dutse, wani a cikinta yana koya masa aiki. Sifanoninsa sai ƙyalli suke yi kamar cokulan baƙi.

Motarsa ta daina ja da ƙafafun gaba, shi kuwa ya ɗora laifin kan wata 'yar na'ura a jikin aksul, sandar ƙarfen da ke tsakanin ƙafafun, wadda iska ke zuƙa ta haɗa su. Ya kwance noti uku, na huɗu ya ɓuya cikin busasshiyar laka, sai ya cusa sukudireba yana ɓamɓara, yana cije leɓe. Tsohon ya tabbata a ofis ma haka yake, bai taɓa tambayar na ƙasa da shi komai ba, a gida kuma matarsa ta gaji da gyara masa zance.

"Ɗana, akwai sauran noti," in ji tsohon.

"Baba, sau biyar na kalli wannan aikin a waya."

Ƙarfen na'urar ya ce ƙas, ya tsage. Man giya ya gangaro cikin hannun rigar baƙon.

Taƙi ɗaya daga hancinsa tiyon iskar na'urar ke reto, ɓera ya cinye rabinsa. Ciwon motar ke nan, kuma tun shigowarta tsohon ya gan shi. Ya gyara zama, ya ce, "To, sai ka kalla karo na shida."