Tagar da Muka Toshe

Tun ranar da Injiniya ya fara tara kwalayen ƙwai a bayan ofis hankalina bai kwanta da shi ba. Injiniya muke ce masa, amma gyaran waya yake yi a kasuwar Bakura. Yakan zo ƙaramin gidan rediyonmu na Talata Mafara ya haɗa mana sauti kyauta, kamar yadda ni ma nake zuwa kyauta idan babu makaranta. Dukanmu 'yan sa kai ne. Shirina na mata ne, ranar Asabar da hantsi, kuma na san ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan wannan lokacin, yana son ya sa hirar ƙwallo.

Ba na musun ɗakin ɗaukar shirinmu yana buƙatar gyara. Wata ƙatuwar taga ce da shi, gilashinta ya daɗe da fashewa. Zakara ya yi cara, ya shiga shiri. Mashin ya wuce, ya shiga. Akwai ranar da mai tallan rake ya fi baƙuwata fitowa a rediyo.

Baƙina matan ƙauye ne, daga Morai da Jangebe, wani lokaci har Kaya. Wadda ta fi su baki wata mai ƙuli-ƙuli ce 'yar Morai. In ta fara bayanin yaye ko kunun mai jego, sai ka ji kamar a tsakar gidanku take zaune, kuma ita masu saurare ke tambaya. Mijinta ke kawo ta a mashin, ya zauna a benci ƙarƙashin tagar nan yana jan carbi har mu gama. Haka sauran mazan ma suke yi. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa kullum nan suke zama ba, alhali ga inuwar darbejiya can gefe.

Aka yi gyara. Magini ya toshe tagar da bulo. Aka manna soson tsofaffin katifu a bango, aka bi da kwalayen ƙwai, aka shimfiɗa kafet ɗin da wani masallaci ya sauya. Ƙofa ma Injiniya ya lulluɓe ta da soso ciki da waje. Maza suka yi ta shiga ɗaya bayan ɗaya suna ihu, na waje suna dariya don ba su ji komai ba. Ni dai ina tsaye ina kallon Injiniya, don murnarsa ta yi mini yawa.

Asabar ta farko muka shiga, ni da mai ƙuli-ƙuli da Injiniya, aka ja ƙofa. Shiru har ina jin kukan cikina. Shirin ya fita tas, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Da muka fito, mijin yana tsaye, ba a zaune ba. Muka gaisa, gida, gajiya, damina, sannan ya ce, "Malama, wanga ɗaki lahiya yake? Da can ina jin duk abin da taka hwaɗi, har dariyatta. Yau ko tari ban ji ba."

Na ce gyara ne. Ya ce madalla, ya tada mashin.

Ba ta dawo ba. Mako na gaba na Jangebe ma suka aiko cewa aikin gona ya yi yawa. Ashe wannan fasasshiyar tagar ita ce izinin da mazan ke ba su. Raina ya ɓaci matuƙa, kuma na san inda zan kai ɓacin ran. Na tare Injiniya na ce, "Ka san abin da kake yi, ko? Ka kore mini mata ba tare da ka buɗe baki ba."

Ya rantse har da dafa ƙirji. "Wallahi, Anti, sauti kaɗai nika nema."

Don ya wanke kansa, ya ja waya ya rataye lasifika a waje daidai bencin, aka aika wa mijin ya zo ya gani. Ya zo kuwa, shi kaɗai. Abin yana tafiya daidai, sai Injiniya ya ja shi gaban kwamfuta, ya buɗe masa shirin matarsa, ya nuna masa yadda yake yanke tari, ya cire maganar da ba a so, ya haɗe sauran ba a gane. Har yau ban sani ba ko wauta ce ko gangan. Mutumin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe abin da kunka so shi mutum ka ji." Bai ko dubi lasifikar ba ya fita.

Na roƙi shugaban tasha a fasa bulon. Ya ce mutane sun zuba guminsu, ba za a rushe aiki don zargin banza ba, in yi haƙuri za su saba. Shi ma na fara yi masa wani kallo, don ba shirinsa ne ke mutuwa ba. Na ci gaba da zuwa, ina yi wa bangon soso bayanin yaye ni kaɗai, Injiniya na gefe yana haɗa sauti. Na ƙudura ba zan bar musu lokacin ba, ko da kuwa kujerar baƙuwa za ta ruɓe a wurin.

Wata Juma'a maigidana ya dawo daga masallaci, na kawo masa abinci. Shekara da shekaru ina wannan aiki bai taɓa tambayata yadda ake yinsa ba. Ya wanke hannu, bai fara ci ba.

"Malama, an ce ɗakin naku ko kuwwa mutum ya yi ba a ji waje."

Na ce haka ne, amma na san ba shi ya ƙirƙiro tambayar ba, a masallaci aka yi masa ita.

"To yanzu da matan sunka daina zuwa, ku nawa ka shiga?"

Na buɗe baki zan ce muna da yawa, sai na ƙirga. Na ce, "Mu biyu, ni da Injiniya."

Ya jawo kwano. Washegari Asabar ce, na wanke kayan yara da hantsi, ban fita ba.